Kafin Ka Kwance Kafireton Tsohon Mashinka

Duk mai tsohon mashin a Kurawa ya san irin wannan safiya: an ɗaure buhu a baya, kasuwa na jira a Sabon Birni, ka buga kik har ƙafa ta gaji, mashin ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Kafin ka share gumi wani ya ce maka, "Kafireto ne, a wanke shi." Sau da yawa ba shi ba ne. Ko da shi ne ma, ba daga shi ɓarnar ta faro ba, wani abu ne ya shigo masa ta tanki ko ta hanyar iska. Kafireto ba shi da abin da ke juyawa da ƙarfi a cikinsa, shi ya sa yakan yi shekaru bai ci ba. Abin da ke kashe shi a ƙasarmu shi ne ƙura da gurɓataccen mai, sai kuma hannun mai gaggawa da ya riƙe sukudireba.

A nan gabashin Sakkwato maganar ta wuce ta jin daɗi. Mashin ne ke kai mai naƙuda asibiti, shi ke ɗauko albasa daga fadamar Gulbin Rima, shi ke ciyar da gidan ɗan kabu-kabu. Kowa kuma ya san halin tsaron da Sabon Birni da Isa suke ciki shekarun nan. Mashin ya mutu wa mutum a dokar daji da la'asar sakaliya ba ƙaramin abu ba ne. Saboda haka ya kamata mai mashin ya san ciwon abin hawansa tun yana ƙofar gida.

Mashinan da suka tsufa a hannunmu iri biyu ne. Akwai masu cin baƙin mai tare da fetur, irin su Suzuki AX100 da Jincheng da aka ƙera a kan tsarinta. Akwai kuma masu bawul, irin su Bajaj Boxer ta Indiya da Honda CG125 da tarin mashinan ƙasar Sin da suka kwaikwaye ta. Kafireton dukansu bai wuce tsarin kamfanoni biyu na Japan ba, Keihin da Mikuni. In ka gane ɗaya ka gane saura, har da na injin ban-ruwa da ke aiki a fadama da rani.

Aikinsa damu ne, kamar na mai dama fura. In fura ta yi kauri ba ta shayuwa, in ta tsinke ba ta riƙe ciki. Inji yana son iska wajen kashi 15 ga mai kashi 1 a ma'aunin nauyi. Mai yana saukowa daga tanki ya taru a ɗan kofin da ke ƙarƙashin kafireto. A cikin kofin akwai fulot mai yawo a kan man, da 'yar allurarsa da ke toshe mashiga idan kofin ya cika. Idan fistin ya zuƙi iska, iskar takan ratsa ta maƙogwaron kafireto da gudu, ta jawo mai sama ta cikin jet, wato ƙananan ƙusoshin tagulla masu huji a tsakiya. Duk ciwon kafireto bai wuce ɗayan biyu ba: ko mai ya yi wa iska yawa, ko ya yi mata kaɗan. Aikinka na farko shi ne gane wanne ne.

Amma fara da wuta. Kwance fulogi, mai da shi cikin hularsa, ɗora gindinsa a jikin inji nesa da ramin da ya fito, ka buga kik. Tartsatsi shuɗi mai ƙara shi ake so. In ja ne mai rauni, ko babu sam, to bar kafireto ya huta, ka nemi wani fulogin, ka duba hula da kwayil da wayoyi. Tazarar bakin fulogi a yawancin waɗannan mashina milimita 0.6 zuwa 0.7 ce. Tun da yana hannunka, dubi kansa da kyau, domin shi ne shaidan abin da ke faruwa a cikin inji. In ya yi ruwan ƙasa a bushe, damu ya yi daidai. In ya yi baƙi da toka mai laushi kamar gindin tukunya, mai ya yi yawa. In ya yi fari fat, mai ya yi kaɗan, kuma wannan ya fi haɗari, don injin yana zafi fiye da ƙima, fistin na iya kamawa. In baƙi ne mai maiƙo a mashin mai bawul, baƙin mai ne ke hawowa ta ringi ko ta robar bawul, wankin kafireto ba zai yi maganinsa ba. In ka sha buga kik amma fulogi ya fito a bushe ƙayau, mai ba ya isowa.

Sai ka bi hanyar mai. Zare tiyon daga jikin kafireto, ka tara farar kwalba mai tsabta, ka buɗe makunnin mai. Ya kamata ya zubo da ƙarfi ba yankewa. In ɗiga yake, ko dai ragar da ke cikin makunnin ta toshe da tsatsa, ko tiyon ya lanƙwashe, ko hujin murfin tanki ya cushe. Wannan na ƙarshe yana wahalar da mutane ƙwarai. Mashin zai tashi lafiya, ya yi tafiya mai ɗan nisa, ya mutu, ka tsaya kaɗan ya sake tashi. Dalili shi ne iska ba ta shiga tanki ta maye gurbin man da ya fita, sai man ya tsaya. In ya mutu, buɗe murfin nan take. In ka ji ya yi "fuu" kuma mashin ya tashi, ka kama ɓarawon, allura ɗaya ta ishe ka gyara.

Kada ka zubar da man da ke kwalbar. Ajiye shi ya natsa, ka ɗaga shi ka duba a hasken rana, domin a nan ne rabin wahalarmu take. Kaɗan ne daga cikinmu ke shan mai kai-tsaye daga famfon gidan mai. Na 'yan bumburutu muke sha, daga jarka zuwa galan, daga galan zuwa kwalba, a bakin hanya iska na kaɗa ƙasa. Lokacin da gwamnatin Sakkwato ta Aminu Waziri Tambuwal ta hana sayar da fetur a jarka a watan Satumba na 2021 saboda matsalar tsaro, mai ya yi wuya a yankin nan, duk abin da aka samu shi ake zubawa. Da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗinsa ya ninka, masu algus suka ƙara samun dalili. Ba na kwalba kaɗai ke da aibu ba. A watan Fabrairu na 2022 kamfanin NNPC da kansa ya amsa cewa an shigo ƙasar nan da fetur mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima, sinadarin da ke cin roba da fakin. Ba na zargin kowane ɗan bumburutu, da yawansu neman halal suke yi, ba don su ba ma da ƙauyuka da dama ba su ga mai ba. Amma man da ya ratsa mazubi huɗu kafin ya iso tankinka sai an tace.

In akwai ruwa, za ka gan shi ya kwanta a gindin kwalba, ɗigo-ɗigo masu sheƙi suna gangarawa in ka karkata ta, don ruwa ya fi fetur nauyi. Haka yake kwanciya a gindin kofin kafireto, daidai bakin babban jet. Shi ya sa mashin mai ruwa yakan yi silo lafiya, amma da ka murɗa totur sai ya shaƙe, ya yi harbi, ya mutu. Da damina abin ya fi yawa: ruwan sama ta bakin murfi, ratsa gulbi, da raɓar da ke taruwa a tankin da kullum rabinsa iska ce. Maganinsa na gaggawa yana ƙasan kofin. Akwai sukuru ɗaya a wurin. Rufe makunnin mai, sassauta sukurun, bar abin da ke ciki ya tsiyaye, buɗe makunni kaɗan man ya ɗauraye kofin, sannan ka ɗaure. Mutane da yawa sun biya kuɗin wanki a kan aikin da bai wuce wannan ba. In kuwa kana zargin an haɗa man da kananzir, ɗiga shi a farar takarda. Fetur tsantsa yakan bushe nan da nan bai bar tabo ba, mai kananzir yakan bar maiƙo. Mashin da ya sha irinsa yana wuyar tashi da safe, yana farin hayaƙi, yana ƙwanƙwasa in ya hau tudu da kaya. Babu saitin da zai gyara wannan, sai an juye tankin.

Daga mai sai iska. Tsakanin Nuwamba da Fabrairu, lokacin hunturu, ƙurar da mashin ke shaƙa a hanyar Isa ko ta Gatawa a mako guda ta fi ta wata guda a kan kwalta. Buɗe akwatin matatar iska, wadda bakanike ke kira eyakilina. In soso ce, wanke ta da kananzir, matse ta a tafin hannu ba tare da murɗawa ba don kada ta yage, bar ta ta bushe, ɗiga mata baƙin mai mai tsabta kaɗan, sake matsewa har ya ratsa ko'ina. Man nan shi ke kama ƙura, busasshen soso rariya ce kawai. In ta takarda ce, ba a wanke ta ba a sa mata mai, kakkaɓewa ake yi, in ta cushe a sake. Matata ta toshe, iska ta ragu, mai ya yi yawa: baƙin hayaƙi, shan mai, mashin ya yi nauyi. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda wasu ke cire soson su yar, su ce mashin ya sami numfashi. Zai yi gudu na ɗan lokaci, gaskiya ne. Amma yashin da yake haɗiya yana cinye silinda da ringi da bawul, kuɗin soso ɗaya ya koma kuɗin buɗe inji.

In wuta da mai da iska duk lafiya, yanzu ka iso kan kafireto. Ko yanzu ma kada ka kwance, saurara tukuna. Kowane matsayi na totur yana da hanyar mansa. Daga silo zuwa wajen kwata, ƙaramin jet ne ke aiki. Daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu, doguwar allurar da ke rataye a jikin silayid (ƙarfen da totur ke ɗagawa a maƙogwaron kafireto) ce ke iko. Daga nan zuwa ƙarshe, babban jet ne. Mashin da ba ya tsayawa a silo amma yana gudu lafiya, ƙaramin jet ne, kuma shi ya fi saurin toshewa don hujinsa siriri ne ƙwarai, musamman in mashin ya daɗe a ajiye man ya bushe ya bar danƙo. Wanda ke silo lafiya amma yana yankewa in an ƙure totur, babban jet ne ko mai ba ya cika kofi.

Cok ma ɗan gwaji ne mai kyau. Inji ya yi zafi, ka ja cok, sai ka ji ya gyaru, to mai yake nema. In ka zare soson iska na ɗan lokaci a wuri mara ƙura ka ji ya gyaru, mai ne ya yi masa yawa. Na ga wani dattijon bakanike yana koya wa yaronsa wannan. Yaron ya ɗauko sifana zai kwance, sai ya ce masa, "Dakata, ɗana. Mi mashin ɗin ga ya ce maka?" Yaron ya ce, "Baba, sai da cok shika tsayawa." Ya ce, "To yunwa shika ji. Je ka biɗo inda abincin nai ya tsaya." A ƙaramin jet aka same shi. Ka tuna kuma, a mashinan da cok ɗinsu ɗan fistin ne mai roba a ƙasa, irin na AX100, ba a murɗa totur lokacin tayarwa da cok. In robar nan ta ci ko wayarsa ta maƙale, cok yana nan a buɗe kana tafe ba ka sani ba, mai yana ta ƙonewa a banza.

Akwai wani ciwon da ake yawan ɗora wa jet alhali ba ruwansa: iskar sata. Robar da ta haɗa kafireto da inji takan tsattsage saboda zafin bazara, ko fakin ya ci, ko ƙusa ta sassauta. Alamarsa, in ka saki totur injin ba ya saukowa da wuri, silo yana hawa da sauka shi kaɗai, salansa na harbi a gangara. Shafa giris mai kauri a kewayen robar inji na aiki. In sautin ya canja, nan ne ɓarakar. Kada ka yi wannan gwaji da fetur a kan inji mai zafi.

Idan kwancewa ta zama dole, zaɓi wuri mai inuwa inda iska ba ta kaɗawa, nesa da murhu da mai shan taba. Shimfiɗa farin ƙyalle ko ka sami tire, don in ɗan ƙarfen fulot ya faɗa cikin yashi ya tafi ke nan. In kana da waya mai hoto, ɗauki kowane mataki. Wanke bayan kafireton kafin ka buɗe cikinsa. Sukurorin kofi masu laushi ne, sa sukudireban da ya zauna daram, ka danna sosai kafin ka juya. Da ka ɗaga kofin, dubi gindinsa. Jan laka mai laushi tsatsar tanki ce. Baƙaƙen ɓarɓashi tiyo ne ke ruɓewa daga ciki. Farar hoda alamar ruwa ya daɗe yana cin ƙarfen. Kowanne yana gaya maka inda za ka koma ka gyara, in ba haka ba bayan kwana kaɗan ka dawo gidan jiya.

Kwance jet biyun, jiƙa su a fetur mai tsabta ko ka fesa musu maganin wankin kafireto na gwangwani, ka hura da famfon taya. Ɗaga kowanne ka leƙa ta cikinsa wajen haske. Ya kamata ka ga ɗigon haske zagayayye tas. In ya yi duhu ko gefensa ya karkace, da saura. Ƙaramin jet yana da wasu 'yan hujojin a gefensa, haka ma bututun da babban jet ke ɗaure a kai, su ma sai sun buɗe. Abin da nake roƙon kowa ya bari shi ne zura allurar ɗinki ko wayar birki a cikin jet. Tagulla ce, ƙarfe yana cin ta. Hujin da aka auna a masana'anta ya faɗaɗa, mashin ya kama shan mai har abada, kuma babu mai iya mai da shi. In hurawa ta gaza, sili ɗaya na lallausar wayar tagulla daga cikin wayar lantarki ya isa, a hankali. Hura sauran hanyoyin jikin kafireton, ka tabbata iska na fita ta ɗaya gefen. Fetur kuma ba a zuƙarsa da baki, in ya sarƙe mutum ya shiga huhu yana iya kisa.

Sai fulot, uban obafulo. In mai na tsiyaya ta tiyon ƙasa mashin na tsaye, allurar fulot ba ta rufewa. Wani lokaci ƙwayar yashi ɗaya ce ta tokare ta, ka ɗan ƙwanƙwasa kofin da ƙotar sukudireba ya daina. In bai daina ba, ciro allurar ka dubi kan robarta. In ta yi zobe kamar an ɗaure ta da zare, ta ƙare, a sayi sabuwa. Girgiza fulot ɗin kusa da kunne, in ka ji mai a ciki ya huje. Gwajin ƙarshe: sa tiyo mai tsabta a mashigar mai, ka hura kana ɗaga fulot da yatsa a hankali. Iskar ta yanke daidai lokacin da fulot ya yi kusan layi ɗaya da bakin kofi. Kada ka raina obafulo. Ban da asarar mai da haɗarin gobara, a mashin mai bawul fetur yakan gangara ya tsinka baƙin mai. In ka shinshina sandar awon baƙin mai ka ji warin fetur, juye shi. Rufe makunnin mai duk dare al'ada ce da ta kamaci mai tsohon mashin.

Wajen mayarwa, lura da silayid. Yana da tsaga a gefe da ke bin wani ɗan haƙori, yankakken gefensa kuma yana fuskantar wajen matatar iska. In bai zauna daidai ba, mashin zai tashi da ihu. Murɗa totur ka saki kafin ka tayar, ka ji ya faɗa ƙasa da 'yar ƙara. Allurar silayid a mashina da yawa tana da tsagi biyar, maƙalinta na zama a na tsakiya. In an sauke maƙalin ƙasa allura ta ɗaga, mai ya ƙaru. In ka tarar wani ya taɓa, mai da shi tsakiya ka fara daga nan.

Saiti shi ne na ƙarshe, ba na farko ba. Sukurori biyu ne. Babban mai sifirin a waje na silo ne, ɗaga silayid kawai yake yi. Ƙaramin shi ke daidaita damun silo. Kafin ka taɓa shi, ɗaure shi a hankali kana ƙirga juyi har ya taɓo ƙasa, don ka san inda ka same shi. Kada ka matse, tsininsa na lalacewa. Sassauto shi juyi ɗaya da rabi, nan ne mafarin yawancinsu. Tayar da mashin ya yi zafi sosai, ɗaga silo kaɗan, ka riƙa juya ƙaramin kwata-kwata kana jira injin ya amsa, har ka sami inda sautin ya fi ƙarfi da santsi. Sannan ka sauke silo zuwa inda yake tsayawa ba rawa. In ƙaramin sukurun yana ɓangaren matatar iska, sassautawa iska take ƙarawa. In yana ɓangaren inji, mai take ƙarawa. In ka juya shi ko'ina injin bai kula ba, hanyar silo ba ta wanku ba. Masu matse mai don tsimi su sani, abin da suka rage a kwalba suna biyansa a fistin, balle a zafin Afrilu da kaya niƙi-niƙi cikin yashi.

In duk an yi wannan ciwon bai tafi ba, a bar kafireto haka nan. Bawul da ya matse yana hana mashin tashi da safe kuma yana kashe silo. Kik da ya yi sakwaf alamar ringi ne. A su Jincheng, robobin gefen kiranshaf in sun ci suna shigo da iskar da babu saitin da zai rufe ta. Kwayil mai mutuwa in ya yi zafi ya farfaɗo in ya huce yana kama da yankewar mai ƙwarai. Waɗannan aikin bakanike ne. In kuma silayid ya ci har yana kaɗawa a raminsa, sai sabon kafireto. Tafi da tsohon kasuwa a gwada faɗin baki da lambar jet, domin ba duk mai tambarin Keihin ne na Keihin ba, kada kuma ka yar da tsofaffin jet ɗinka, sau da yawa sun fi na cikin sabon inganci.

Ɗan'uwa mai mashin, sayi 'yar matatar mai ta roba ka sa a tsakiyar tiyo. Riƙe ƙyalle mai tsabta na tace mai a bakin tanki. Wanke soso duk mako da hunturu, tsiyaye kofi bayan kowane ruwa mai ƙarfi da damina, ka ajiye fulogi ɗaya da abin kwance shi a ƙarƙashin sit. In mashin ya fara yi maka gardama da safe, duba shi a gida ranar nan, kada ka ɗauki iyali ka shiga hanyar Isa da shi.